Taurarin Bagadaza: Abin da Zanen Sama Ya Faɗa da Abin da Kogi Ya Yi

Tambaya: Malam, na karanta wani rubutu da aka yi wa wani birni duba da taurari. An ce tauraro kaza ne ke mulkinsa, shi ya sa mutanensa suka iya kasuwanci, shi ya sa kuma garuruwan da ke kewaye suke bin bayansa. Shin wannan abu yana da ƙa'ida, ko kowa abin da ya zo bakinsa yake faɗi? Kuma za a iya dogara da shi a fahimci halin birni da arzikinsa?

Amsa: Yana da ƙa'ida, ɗan'uwa, kuma tsohuwa ce. Duba halin birni ko ƙasa reshe ne mai zaman kansa a ilmin taurari, dabam da wanda ake yi wa mutum ɗaya da ranar haihuwarsa. Tun a ƙarni na 2 Miladiyya Baɗlamus, masanin nan na Iskandariyya, ya raba ƙasashen da ya sani tsakanin burujai goma sha biyu, ya ba kowace al'umma tauraronta da ɗabi'arta. Game da birane ya ce a dubi inda rana da wata suke a lokacin da aka aza harsashi. In ba a san lokacin ba, a koma ga zanen haihuwar sarkin da ke mulki a sa'ilin. Kusan duk abin da ya biyo baya a kan wannan aka ɗora shi, har da rubutun da ka karanta.

Tun da ba ka ambaci sunan birnin ba, bari in zaɓo mana wanda ya fi kowanne dacewa a gwada wannan ilmi a kansa, wato Bagadaza. Mafi yawan birane babu wanda ya san ranar da aka kafa su, balle sa'a. Ƙauyuka ne da suka yi ta kumbura har suka zama abin da suka zama, kuma duk wanda ya zana musu taswirar sama, ranar da ta yi masa daɗi ya ɗauka. Ita Bagadaza masana taurari ne da kansu suka tsayar da lokacin aza tubalinta na farko, zanen da suka yi bai ɓata ba, ga kuma tarihin fiye da shekara 1,260 da za a auna shi da shi. In duban birni zai yi tasiri a wani wuri, to a nan ya kamata a gani.

A shekarar 762, daidai da 145 Hijira, Halifa Abu Ja'afar al-Mansur, na biyu a daular Abbasiyya, ya sa masanansa su nemo masa lokaci. Babbansu shi ne Naubakht, Bafarishe wanda asalinsa daga addinin Majusawa ya fito, tare da shi akwai Masha'allah, wani Bayahude mutumin Basra. Suka tsaya a kan 30 ga Yuli, bayan rana ta karkata. Al-Biruni, wanda ya zo fiye da shekara 200 bayansu, ya kwafe zanen a littafinsa na kalandun al'ummomi, ta nan ya iso hannunmu.

Ga yadda ake karanta irin wannan zane. Ana raba sama gida goma sha biyu, a fara daga burujin da ke hudowa a gabas a daidai wannan lokaci, wanda suke kira ɗali'i. Gidan farko shi ne birnin kansa da ɗabi'ar mutanensa. Na biyu dukiya, na huɗu ƙasa da gonaki, na bakwai abokan hulɗa da abokan gaba, na tara ilmi da addini da tafiya mai nisa, na goma sarauta. Sai a duba wane tauraro ya sauka a wane gida, ɗan gida ne a wurin ko baƙo, kuma da wa yake kallon-kallo.

A zanen Bagadaza ɗali'in shi ne burujin Ƙausu, Mushtari kuma yana zaune a cikinsa. A wurin masu wannan sana'a da wuya a sami abin da ya fi haka: Mushtari shi ne babban tauraron sa'a, na alƙalai da malamai da adalci da yalwa, kuma Ƙausu gidansa ne. Rana tana burujin Asad, ita ma a gidanta, a gida na tara, wato sarki ya zauna a fagen ilmi da addini, idonsa na kan ƙasashe masu nisa. Wata, wanda shi ne alamar talakawa, yana ƙaruwa a Mizan, gidan abokai da cikar buri. In mai duba zai taƙaita maka, cewa zai yi birni ne na malamai da attajirai, mai maraba da baƙo, wanda za a riƙa zuwa daga nesa neman hukunci da karatu. Amma akwai ƙayoyi biyu. Mirrik, tauraron yaƙi da wuta da zubar da jini, yana Jauza'u a gida na bakwai, ya yi wa Mushtari ƙuri ido cikin ido. Zuhal kuma, wanda gidan dukiya ke hannunsa a wannan zane, ya faɗa Hamal, inda suke cewa ƙarfinsa ya fi karyewa. Ke nan maƙiyi a bakin ƙofa, baitulmali kuma ba tabbas.

Yanzu ɗora wannan a kan tarihi ka ji yadda zai burge ka. Cikin shekara hamsin Bagadaza ta shiga sahun manyan biranen duniya. A nan Imam Abu Hanifa ya rasu a 767, a nan aka haifi Imam Ahmad bn Hambal a 780. A nan aka juya littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci, Hunain bn Ishaƙ yana kan na likitanci, al-Khwarizmi yana tsara aljabara, kasuwar masu sayar da littattafai tana da shaguna sama da ɗari. Aikin Mushtari ke nan, in ji su. Mirrik ma bai yi barci ba: ƙawanyar da aka yi wa birnin a 812 zuwa 813 a yaƙin Halifa Amin da ɗan'uwansa Ma'amun, shigowar Buwaihawa a 945, Saljuƙawa a 1055, Hulagu jagoran Mongol a 1258, Taimur a 1401, Usmaniyawa a 1534 da 1638, Ingila a 1917, Amurka a 2003. Wanda ya tsaya a nan zai rantse Naubakht ya hango komai.

Ni kuwa a nan nake fara tambayoyina.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ba a tambayi masana taurari inda za a gina birnin ba, lokaci kaɗai aka tambaye su. Wurin, Mansur ne ya zaɓa da ƙafarsa. Ya bi gaɓar Dijla sama da ƙasa, yana tara mutanen ƙauyuka da 'yan zuhudun Kirista da ke zaune a yankin yana tambayarsu yaya wurin yake da zafi, yaya da sanyi, yaya taɓo da sauro. Dimashƙa ta Banu Umayya ce, waɗanda Abbasiyawa suka kayar, ba zai zauna ba. Kufa zuciyarta na tare da zuriyar Sayyidina Ali, kuma a Hashimiyya da ke kusa da ita 'yan ƙungiyar Rawandiyya, masu wuce gona da iri a aƙida, sun kusa hallaka shi. Abin da ya samu a Bagadaza ba ya buƙatar duba. A nan Dijla da Furat suke matsowa kusa da juna, tsakaninsu wajen kilomita 40, manyan magudanan ruwa irin su Nahar Isa da Sarat suna kawo ruwan wannan zuwa wancan. Hatsin arewa ya gangaro daga Mosul ta Dijla, kayan Sham su biyo Furat, na Indiya da Sin su hauro daga Basra, babbar hanyar Khurasan kuma ta sauko daga duwatsun Iran ta ƙare a nan. Maƙiyi ba ya isowa sai ya haye gada. An ruwaito shi yana cewa ga Dijla nan, babu shamaki tsakaninsu da Sin. Ko ƙofofi huɗun da ya yi wa zagayayyen birninsa sunayen wurare ya ba su: ƙofar Kufa, ƙofar Basra, ƙofar Khurasan, ƙofar Sham.

Kuma ba shi ya fara gano wannan mashiga ba. Mada'in, fadar sarakunan Farisa, tana wajen kilomita 35 kudu maso gabas. Salukiyya, wadda magadan Iskandar suka gina, tana tsallaken kogi daga Mada'in. Babila ba ta kai kilomita 100 ba. Birane huɗu ke nan a zamani huɗu, kowanne da ranar kafuwarsa da taurarinsa, duk aiki ɗaya suka yi a yanki ɗaya: tara harajin gonakin ban-ruwa, riƙe mahaɗar hanyoyi, zama mazaunin daula. Bayanin da zai isa ya fassara su huɗun ba zai zama zanen ɗaya daga cikinsu ba.

To me ya sa Mansur ya wahalar da kansa? Ba na cewa bai yarda da abin ba. Ya yarda, Naubakht ba ya nisa da shi. Sai dai akwai wani abu bayan yardar. Rundunar da ta kawo Abbasiyawa mulki daga Khurasan ta taso, manyan ma'aikatan fada da yawa Farisawa ne da suka gaji al'adar sarakunan Sasan, waɗanda fadarsu ba ta rasa masana taurari. A wannan al'ada ana bin haɗuwar Mushtari da Zuhal, wadda ke faruwa kusan duk shekara 20, a ce bayan shekara 240 daula za ta sauya hannu, bayan 960 kuma duniya ta yi babban juyi. Masha'allah ya rubuta tarihin duniya a kan wannan tsari, kuma ba sai na gaya maka ba, lissafin ya saka hawan Abbasiyawa a cikin abin da sama ta riga ta tsara. Gidan sarauta ne sabo, shekara 12 kacal da hawansa ta bakin takobi, yana neman hujja ta kowace fuska. Buƙatar kuma ba ta wasa ba ce, domin 'yan watanni bayan aza tubalin Muhammad al-Nafs al-Zakiyya ya yi tawaye a Madina, ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe Basra, har sai da aka dakatar da ginin. Shi ya sa in na karanta zanen Bagadaza, burin Mansur nake gani an rubuta shi da harshen taurari: sarki mai ƙarfi, doka, ilmi, duniya ta taho ƙofarsa. Ta wannan fuska takarda ce mai daraja ƙwarai ga mai nazarin tarihi. Shi kansa Mirrik da ke gida na bakwai ba wani hange ba ne. Mushtari shekara ɗaya yake yi a buruji, in ya bar Ƙausu sai bayan wajen shekara 12 zai dawo, halifa kuwa ba zai zaunar da dubban magina yana jira ba. Abin da sama ta bayar a wannan bazarar shi suka karɓa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu duba ba sa son a tayar. Jadawalin da mutanen Mansur suka yi lissafi da shi ya saɓa wa lissafin yau da 'yan darajoji. In ka sa ranar a manhajar falaki ta zamani, bisa tsarin burujan da Yammacin duniya ke bi, za ka ga Zuhal ya riga ya shiga Sauru. Raunin baitulmalin da muka karanta ɗazu ya tafi ke nan. Yau ma tsarin Yamma da na Indiya sun rabu da kusan daraja 24, saboda wurin da rana ke daidaita dare da yini yana ja baya daraja ɗaya duk shekara 72, ɗaya tsarin ya bi shi, ɗaya ya tsaya da taurarin. Birni ɗaya sai ya tashi da burujai biyu, ya danganta da wanda ka tambaya. Baɗlamus kuwa burujin Sumbula da tauraron Uɗarid ya ba Babila da ƙasar tsakanin kogunan, ba Ƙausu ba.

Sannan wace Bagadazar ake nufi? Zanen na zagayayyen birnin Mansur ne, Madinatus Salam, a yammacin Dijla. Birnin nan bai daɗe yana aikin da aka gina shi dominsa ba. Wajen shekara ta 773 Mansur ya kwashe kasuwanni ya fitar da su unguwar Karkh da ke wajen ganuwa. An ce wani jakadan Rumawa ne ya gaya masa maƙiyansa na kwana tare da shi cikin ganuwa, yana nufin 'yan kasuwa da baƙin da ke shiga da sunan ciniki. Shi kansa ya gina fadar Khuld a wajen ganuwar, ya gina wa ɗansa Mahdi Rusafa a gabashin kogi. A 836 halifofi suka tashi gaba ɗaya suka koma Samarra, ba su dawo ba sai 892, da suka dawo kuma a gabas suka zauna. Koriyar ƙubbar fadar Mansur ta rufta a 941. Yau ko kufan zagayayyen birnin ba a gano ba. Cinikin da ake jingina wa Mushtari a Karkh aka yi shi, unguwar da ba ta cikin abin da aka aza wa tubali a ranar 30 ga Yuli.

An kuma ruwaito cewa masanan sun yi wa Mansur albishir babu halifan da zai mutu a birnin. Abin ya yi ta tafiya daidai na ɗan lokaci: Mansur a hanyar Makka ya rasu a 775, Haruna ar-Rashid a Ɗus a 809, Ma'amun kusa da Ɗarsus a 833. Da aka kashe Amin a Bagadaza a 813, masu kare maganar suka ce ai ba cikin ganuwar Mansur aka kashe shi ba. Ka lura da dabarar. In ana maganar arziki da ilmi, Bagadaza ta haɗa da Karkh da Rusafa da duk unguwanni. In ana maganar mutuwar halifa, sai ta tsuke ta koma cikin ganuwa. Bayan dawowa daga Samarra kuwa halifofi suka yi ta mutuwa a Bagadaza ɗaya bayan ɗaya.

Kan tattalin arziki, wanda shi ne gundarin tambayarka, bari in ɗan zauna. Bagadaza ta rayu ne a kan Sawad, baƙar ƙasar noma ta kudanci da tsakiyar Iraƙi, wadda babu ruwan sama mai isarta, sai ban-ruwa. Harajin Sawad a farkon zamanin Abbasiyawa yana kaiwa wajen dirhami miliyan 100 a shekara. Da shi ake biyan soja da ma'aikata, su kuma su kashe a kasuwa, kasuwa ta jawo masaƙa da maƙera da masu takarda, masu kuɗi su ɗauki nauyin masu fassara da malamai. Tsarin yana da sharaɗi ɗaya: a riƙa yashe magudanai, a gyara madatsu, a bar gona ta huta don kada gishiri ya taso ya cinye ta. Wannan aiki ne na gwamnati mai natsuwa. Da natsuwa ta tafi, sai komai ya bi. Tawayen Zanj, bayin da ake sa su kankare gishiri a fadamun kudu, ya ci daga 869 zuwa 883, an wawashe Basra a 871. Janar-janar suka koma karɓar filaye a madadin albashi, su tatse su yau ba ruwansu da gobe. Zuwa farkon ƙarni na 10 harajin Sawad ya faɗo zuwa sulusin abin da yake a da ko ƙasa da haka. A 937 wani kwamanda, Ibn Ra'iƙ, ya fasa babbar magudanar Nahrawan don ya tare wa abokin hamayyarsa hanya, ya kashe gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ci. Bayan 969 kuma Faɗimiyawa a Masar suka ja cinikin Indiya daga Tekun Fasha zuwa Bahar Maliya. Ke nan shekara 300 kafin Hulagu ya iso, birnin ya riga ya fara rama. Duk wannan yana da sanadi da ake iya bi sawu, da suna da shekara. Zanen sama kuwa ɗaya ne a shekarar 800 da shekarar 950 da 1831, lokacin da annoba da ambaliya suka taru suka ragargaza garin. Masu duba za su ce ai ana bin juyin taurari a kan zanen shekara-shekara. Haka ne, ana yi. Amma Zuhal yana zagayowa duk shekara 29 da rabi, Mirrik duk kusan shekara biyu, don haka babu wata masifa a tarihi da za ka rasa tauraron da za ka rataya mata bayan ta auku. Ihu bayan hari ne.

Alƙahira ma tana da nata labarin, shi ya ma fi yawo. An ce a 969 kwamanda Jauhar ya kewaye filin da igiyoyi masu ƙararrawa, masana taurari na jiran sa'a mai kyau su kaɗa, magina su fara. Sai hankaka ya sauka a kan igiya, ƙararrawa ta yi ƙara, aka zuba harsashi alhali Mirrik ne ke sama, wanda ake wa laƙabi da al-Ƙahir, wai daga nan sunan ya fito. Labari ne mai daɗi, sai dai al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya riga ya ba da irinsa game da ginin Iskandariyya tun babu Alƙahira a duniya. Ko da mun karɓe shi, birnin da aka ce an kafa a mummunar sa'a shi ne wanda Mongol ba su taka ba. Mayaƙansa ne suka karya su a Ain Jalut a 1260, shi ya karɓi ragowar gidan halifanci a 1261. Na Mushtari ya ƙone, na Mirrik ya gaje shi, yana zaune a inda Nilu ke rabuwa, tsakanin Bahar Maliya da Bahar Rum.

Faɗuwar Bagadaza kanta ta bar mana gwaji mai kyau. Kafin Hulagu ya kai hari ya tambayi masanin taurarinsa, Husamuddin, wanda ya gargaɗe shi cewa in ya taɓa halifa ruwa zai ɗauke, dawakai su mutu, ƙasa ta girgiza, babban sarki ya mutu a shekarar. Ya juya ga Nasiruddin al-Ɗusi, shi kuma ya ce babu abin da zai faru illa Hulagu ya zauna a mazaunin halifa. Masana biyu, sama ɗaya, amsa biyu. Wanda ya dace ɗin ma, hujjar da aka ruwaito ya kawo ta tarihi ce: an kashe halifofi a baya, Amin na cikinsu, duniya ba ta tashi ba. Birnin ya faɗi a watan Fabrairu na 1258. Shekara 72 kafin nan, a watan Satumba na 1186, rana da wata da taurari biyar sun taru a Mizan, masana daga Farisa har Turai suka yi ta shelar guguwar da za ta share birane, mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri. Ranar ta zo ta wuce lafiya lau.

Me ya sa to irin rubutun da ka karanta yake kama hankali? A 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardu ya ce kowa bayanin halinsa ne na musamman. Suka ba shi maki sama da huɗu cikin biyar kan dacewa, alhali rubutu ɗaya ne ya ba su duka. Duban birni ya fi wannan sauƙi, domin birni na ɗauke da miliyoyin mutane da ɗaruruwan shekaru. Ka ce mutanensa na son ciniki, suna alfahari da garinsu, sun sha wuya sun farfaɗo, maƙwabta na sha'awarsu suna kuma jin haushinsu. Babbar riga ce, duk birnin da ka saka wa za ta shige shi. Da aka gwada masu duba a kan mutane ɗaiɗai ba tare da sun san waye ba, kamar gwajin Shawn Carlson da mujallar Nature ta buga a 1985, ba su wuce abin da canki-canka zai bayar ba.

Ta fuskar addini malamai sun daɗe da raba abin biyu. Sanin tafiyar taurari don lokutan salla da alƙibla da kalanda da tafiya a teku da hamada ilmi ne halastacce. Jingina musu tasiri a kan arziki da mulki da mutuwa shi aka hana, kuma hadisin ruwan da aka yi a Hudaibiyya, wanda ya tsawatar wa masu cewa tauraro kaza ne ya kawo shi, yana cikin Bukhari da Muslim. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa yana rushe sana'ar duba. Abin da ya fi amfanar tambayarka shi ne wani babin, inda ya lissafa abin da mai kafa birni zai duba: kariya daga hari, lafiyar iska, kusancin ruwan sha, makiyaya, gonaki, itace, da teku don shigo da kaya. Har ya soki waɗanda suka kafa Ƙairawan da Kufa da Basra, ya ce kiwon raƙumansu suka fi dubawa. In ka ƙara masa wanda ke karɓar haraji da inda hanyar ciniki ta bi a wannan zamani, ka sami abin da za ka karanta kowane birni da shi, kuma wanda in ka yi kuskure za a iya kama ka.

Gwada shi a kan Bagadaza ta yau. Tun da aka sami man fetur a Baba Gurgur kusa da Kirkuk a 1927, Sawad ta daina zama jijiyar birnin. Man ba a Bagadaza yake ba, yawancinsa a Basra ake haƙo shi, amma a Bagadaza ake raba kuɗinsa, kuma shi ne wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. Saboda haka birnin mai mutum sama da miliyan 7 har yanzu garin albashi ne kamar zamanin halifofi, in farashin ganga ya faɗi kasuwanninsa su ji a jika. Matsayinsa a yankin ma daga wurin zamansa yake, tsakanin Iran da Turkiyya da ƙasashen Larabawa. A nan aka ƙulla Yarjejeniyar Bagadaza a 1955, a nan ƙasashe biyar suka kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, a watan Satumba na 1960, a nan Saudiyya da Iran suka fara zaman sulhu a 2021 kafin su kammala a Beijin a 2023. Wannan zama a tsakiya shi ke sa a zo wurinsa sasanci, shi ke sa a zo filinsa yin faɗa. Abubuwa biyu nake sa wa ido a shekarun nan. Ɗaya ruwa ne, domin Dijla da Furat duk daga Turkiyya suke tasowa, madatsar Ilisu da aka fara cikawa a 2019 tana kan Dijla, kuma rassan da ke zuwa daga Iran su ma an datse su. Ɗayan shi ne aikin da gwamnatin Iraƙi ta sanar a 2023 na layin dogo da babbar hanya mai tsawon wajen kilomita 1,200 daga tashar jiragen ruwa ta Faw zuwa iyakar Turkiyya, a kan kuɗi dala biliyan 17, da nufin dawo da wani kaso na kayan Asiya masu zuwa Turai ta tsohuwar hanyar Tekun Fasha, maimakon su bi ta Suwez.